Buhu ɗari biyu na albasa da babin ciniki na Risala

 

A karatunmu na bayan Asuba mun sauke babin ciniki na Risala a wannan watan. Kamar kullum, da muka wuce babin aure da saki da idda sai zaure ya ragu. Ranar da ake karanta sadaki babu wurin ajiye takalmi, ranar da aka shiga riba da awo sai ka iya ƙirga mutane da yatsu, alhali galibinku daga nan kasuwa kuke nufa. To, a bar wannan. Abin da nake so in rubuta shi ne ra'ayina a kan babin kansa: inda ya yi ƙarfi, inda ya bar giɓi, da yadda mu masu karantarwa muka ƙara faɗaɗa giɓin da hannunmu.

Kada wani ya ɗauka rashin ladabi ne ga Shehu Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, Allah Ya jiƙansa. Mutum ne da ake yi wa laƙabi da Maliku Ƙarami, ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wato 996 ta Miladiyya, kuma sama da shekara dubu ke nan littafinsa na cikin gafakar almajirai daga Tunis har Damagaram. Shi da kansa ya faɗa a gabatarwa cewa don koyar da yara ya tsara shi. Littafin yara ba a neman ya ɗauki kayan alƙali. Laifin da zan ambata, kaso mafi yawa namu ne, mu da muka mai da matakin farko ya zama ƙarshen tsani.

Abin da ya tayar da maganar wata rigima ce da aka kawo mini a bazarar da ta wuce. Mutum biyu ne, dukkansu sahu ɗaya suke tsayawa a bayana. Ɗaya yana tara albasa daga manoman wajen Galmi, ɗayan yana lodinta zuwa Kumasi da Ankara. Sun yi ciniki na buhu ɗari biyu. Mai saye ya aiko yaronsa da buhunansa, aka cika, aka ɗinke, aka ƙirga a gaban yaron, aka shafa alamar fenti ta maigidansa. Aka ce kamyo zai zo ranar Alhamis. Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce, sai Talata mota ta iso. Kun san zafin watan Afrilu. Buhuna na jibge a fili, waɗanda ke ƙasa suka fara ruwa, aka fitar da kusan sittin da ba su kai ko'ina.

Mai saye ya zo mini da ƙarfin gwiwa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ku kuka karantar da mu cewa abinci na wuyan mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa. Ni kuwa ban karɓa ba, kayan na gidansa." Mai sayarwa shi ma ya ce, "Liman, ni na gama nawa tun ranar Laraba. Abin da ya sami kaya bayan nan ba ruwana, ko kallonsu ba wajibina ba ne." Na daɗe ina duban su. Kowanne ya riƙe rabin mas'ala ya zo yana dukan ɗan'uwansa da ita, kuma rabin nan daga bakina suka ji shi. Babu wanda ya tambayi kansa: me ya wajaba in yi don ɗan'uwana ya iya cika nasa?

Mu fara da inda babin ya yi kyau, don ya yi ƙwarai. Ban san wani taƙaitaccen littafi da ya tara haramtattun abubuwan kasuwa a ƴan shafuka kamar yadda ya tara su ba. Riba a zinariya da azurfa, riba a abinci, sayar da abinci kafin a gama karɓarsa in an saye shi da awo ko ma'auni ko ƙirge, garari, sayar da kifi a cikin ruwa, sayar da ɗan da ke cikin cikin dabba, ƙara kuɗi a kan cinikin da wani ya kusa ƙullawa. Sai wurin da ya fi burge ni, inda ya hana algus da yaudara da ɓoye aibi da cakuɗa mai kyau da marar kyau, sannan ya ƙara da cewa bai halatta mai kaya ya yi shiru a kan duk wani abu da in ya faɗe shi mai saye zai ƙi kayan ko ya rage kuɗi ba. Ku lura da wannan. Bai tsaya ga hana ƙarya ba, ya hana shiru. Ya ɗora wa mai sayarwa aikin buɗe baki ya taimaki mai saye da labarin da zai rage masa ribarsa shi kansa. Faransa sai a gyaran dokar da ta yi a 2016 ta rubuta wajibcin sanar da abokin ciniki a fili cikin kundin dokarta ta mu'amala. Mu yaro ɗan shekara goma sha biyu yana haddace shi a zaure. Ko yana aiki da shi in ya girma ya kama shago, wannan wata magana ce; ku duba saman buhu da ƙasansa a kasuwar gero ku ba kanku amsa.

Amma ga inda nake da suka. Babin ya fi mai da hankali a kan lokacin da ake ƙulla ciniki: wanne ya inganta, wanne ya ɓaci. Abin da ke biyo bayan "na sayar, na saya", wato tsawon kwanakin da ake aunawa, a ɗauka, a kai, a biya, ba a tara shi wuri ɗaya ba. Yana nan, sai dai a warwatse. Wani yanki na cikin maganar salam, wani na cikin ijara, wani na cikin babin ajiya da jingina, wani sai ka kai babin shari'a da shaidu kafin ka same shi, wani kuma can ƙarshen littafi cikin ladubba, inda ake maganar haƙƙin musulmi a kan musulmi. Almajiri ya tashi da fahimtar cewa fiƙihun ciniki jerin "kada ka" ne, taimakon abokin ciniki kuwa ladabi ne, in ka yi ka sami lada, in ka bari ba komai. Wannan fahimtar ce ta ruɓar da albasa. Alhali a Suratul Ma'ida umarnin cika alkawura yana aya ta farko, umarnin taimakon juna a kan alheri yana aya ta biyu, ba a ko juya shafi tsakaninsu.

Wanda ya haura zuwa Muhtasar na Shehu Halil, wanda ya rasu a ƙarni na takwas na Hijira, zai ga malamanmu ba su bar wannan ga ladabi ba. Sun mai da shi hukunci da alƙali ke tilastawa. Kayan da ake aunawa ko a ƙirga suna wuyan mai sayarwa har a gama awon, kuma ladan mai awo shi zai biya, domin cika awo aikinsa ne. Wannan shi ne rabin da Alhaji mai saye ya riƙe. Rabin da ya bari shi ne: da zarar an auna an zuba a mazubin mai saye, an ƙirga a gabansa ko gaban wakilinsa, damana ta koma kansa, ko da kayan ba su motsa daga inda suke ba. Buhunansa ne, fentinsa ne, yaronsa ne ya ƙirga. Haka a babin salam: in lokaci ya yi, mai sayarwa ya kawo kaya yadda aka siffanta a wurin da aka ajiye, dole mai saye ya karɓa, ba shi da ikon cewa "bari sai kasuwa ta yi kyau". In ma ya ɓuya, alƙali ya karɓa a madadinsa, mai sayarwa ya sauke nauyi. Ashe karɓar kaya wajibi ce, kamar yadda miƙa su yake wajibi. Mu kuwa mun saba ɗaukar mai saye kamar sarki: ya ba da kuɗi, saura a jira ganin damarsa.

Na juya ga mai sayarwa, don har ya fara murmushi. Na ce, "Alhaji, kada ka yi saurin dariya. Tun da kayan suka koma nasa suna kuma hannunka, sun zama amana a wurinka. Mai riƙon amana ba ya biya in abu ya lalace ba da sakacinsa ba, amma in ya yi sakaci yana biya. Kana da rudu a bayan gida da babu komai ciki. Kana da yara. Kana da waya a aljihu. Kwana biyar kana wucewa kana jin wari, ka kira shi sau nawa?" Ya ce sau ɗaya, ranar Juma'a, bai ɗauka ba. Na ce daga nan fa? Ya yi shiru. Wato ya zauna yana kallon dukiyar musulmi tana narkewa, yana lissafin cewa hasarar ba tasa ba ce.

A nan dole in yi adalci ga dokokin zamani, ko da yake wasu ɗalibai ba sa son jin haka daga bakin liman. Ƙasarmu na cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar 1993 a tsibirin Moris. Chadi da Kamaru da Benin na ciki, Najeriya da Ghana ba sa ciki. Dokarta ta ciniki tsakanin ƴan kasuwa, wadda aka sabunta a Lome a 2010, ta ɗebo da yawa daga yarjejeniyar Viyana ta 1980 kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe. Abin da waɗannan takardu suka fi mu da shi, tsari ne. Sun tara wajiban mai sayarwa gefe ɗaya, na mai saye gefe ɗaya. Sashe na 60 na yarjejeniyar Viyana ya sa wa mai saye ya yi duk abin da hankali ke tsammani daga gare shi don mai sayarwa ya sami damar miƙa kaya, sannan ya kwashe su. Sashe na 85 ya ce in mai saye ya yi jinkirin ɗauka, mai sayarwa ya kula da kayan, a biya shi abin da ya kashe. Sashe na 88 ya kai ga cewa in kaya masu saurin lalacewa ne, wanda suke hannunsa ya nemi sayar da su, ya sanar da ɗayan gwargwadon iko. Sashe na 77 kuma ya ce wanda aka saɓa wa alkawari bai da ikon naɗe hannu hasara ta yi ta girma sannan ya zo neman diyyarta duka. Wallahi da na ji an fassara mini waɗannan sassa sai na ga kamar wanda ya rubuta su yana tsaye a bakin filin albasar nan. Kusan duk hukuncin da ke ciki akwai ɗan'uwansa a littattafanmu. Bambancin, su ɗan kasuwa ya buɗe shafi ɗaya ya gani, mu sai ya yi shekara goma a gaban malami kafin ya haɗa guntayen.

Amma su ma ba su tsira daga suka ba. Ana kawo mini takardun kwangila da Faransanci, na masu dakon kaya ko masu ba da taki bashi, in sa wani ɗalibi da ya yi lakwal ya karanta mini. Sau da yawa akwai sakin layi mai taken haɗin kai tsakanin ɓangarori. Kalmomin masu daɗi ne, kowa zai taimaki kowa gwargwadon abin da ya dace. Da ka bi layin ƙasa sai ka tarar an lissafa wa ƙaramin abin da zai kawo da ranar da zai kawo da tarar da zai biya in ya makara, babban kuwa an bar nasa a "abin da ya dace". Wa zai auna abin da ya dace? Kotu, da lauya, da harshen da mai sa hannu ba ya ji. Fiƙihunmu a nan ya fi ƙarfi, domin yana son adadi da iyaka: kwana nawa, mudu nawa, kashi nawa. In bai faɗa ba ya mayar da kai ga al'adar kasuwar garinku, wadda sarkin kasuwa da dillalai suka sani ba sai an ɗauko lauya ba. Sannan yarjejeniyar Viyana ta hana alƙali ƙara wa mai saye wa'adi in mai sayarwa ya tashi neman haƙƙinsa. Mu kuwa aya ta 280 ta Baƙara ta wajabta a jira wanda ke cikin ƙunci har ya samu, Risala ma ta faɗa cewa ba a tsare wanda aka tabbatar ba shi da komai.

Akwai wata mas'ala a babin da nake ganin ba mu ba ta haƙƙinta ba, ita ce ja'iha. Wanda ya sayi ƴaƴan itace suna bisa, sai fara ko ƙanƙara ko makamancinsu suka cinye sulusi ko fiye, ana rage masa kuɗi gwargwadon abin da ya tafi. Ƙasa da sulusi nasa ne. Ga kayan lambu kuwa ana ragewa ko kaɗan ne ya lalace, masu sharhin Muhtasar sun sa abin da ke binne a ƙasa kamar karas da albasa cikin wannan hukunci. To ku masu sayen fage guda na albasa tun tana ƙasa, da ku masu sayarwa, wannan hukuncinku ne kai tsaye. Ciniki ya inganta, an shaida, amma shari'a ta ce wa mai sayarwa: ba za ka cinye kuɗi cikakke a kan abin da bai kai hannun ɗan'uwanka ba. Mun saba karanta wannan da sauri kamar labarin dabinon Madina ne kawai. Haka Halil ya ambaci cewa haya na warwarewa in sarki ya ba da umarnin rufe shaguna. Wanda ya ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da yadda motoci suka yi layi a Malanbil da Gaya bayan Yuli 2023, ya san wannan ba tatsuniya ba ce. A irin ranakun nan mafi ƙarancin abin da ke kan direba da mai mota shi ne su sanar da mai kaya tun da wuri, shi kuma ya ba da umarni, a sayar a hanya ko a juyo. Da yawa sun kashe waya ne kawai.

Sai dai kalmar taimako ita ma tana da haɗarinta, kuma a nan Risala ta yi mana gata da ta tsananta. Ta hana haɗa ciniki da rance a ƙulli ɗaya, ta hana rancen da ke jawo wa mai bayarwa amfani. Ɗan kasuwa ya je wa manomi da kuɗin man injin ban ruwa, ya ce "taimakonka na yi", da sharaɗin in albasa ta nuna ba za a sayar wa kowa ba sai shi, a kan farashin da zai yanka ranar. Wannan ba taimako ba ne, riba ce ta sa rawani. Hanyar halal tana nan a shafi na gaba, salam ce: a faɗi buhu nawa, wace iri, yaushe, a ina, a yanka kuɗi yau a miƙa su, jinkirin da aka yarda da shi bai wuce kwana biyu ko uku ba. In kasuwa ta hau ko ta sauka, kowa ya san abin da ya shiga. Haka masu fakewa da zumunci su ƙi rubutu, "haba Malam, ni da shi uwa ɗaya uba ɗaya, sai mun yi takarda?" Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ku duba yadda ta raba aiki: wanda ake bi shi ne ke yin shifta, marubuci kada ya ƙi rubutawa, shaidu kada su ƙi zuwa in an kira su, kuma kada a cutar da marubuci ko shaida. Mutum huɗu ko biyar aka sa aiki don haƙƙin mutum ɗaya ya tsaya. Wanda ya ƙi sa hannu ya hana ɗan'uwansa taimakon da aya ta umarta.

Wani kuskuren kuma shi ne mai da mustahabbi wajibi. Mutum ya sayi kaya, ya kai gida, ya yi nadama, ya dawo yana cewa dole a karɓa a mayar masa da kuɗinsa don an ce akwai lada. Lada akwai, hadisin iƙala na cikin Abu Dawuda da Ibn Majah, amma kyauta ce daga mai sayarwa, ba a ƙwace ta. Jiran wanda ba shi da shi wajibi ne. Mai hali da ke jan ƙafa kuwa, hadisin Buhari da Muslim ya sa aikinsa cikin zalunci, ba shi da rabo a ayar jira. Babin bai jera waɗannan matakai kusa da juna ba, shi ya sa kowa ke ɗaukar wanda ya yi masa daɗi ya kira shi shari'a. Samaruddani, sharhin da galibinmu muke riƙewa, yana bin matani ne kalma bayan kalma, don haka shi ma bai tara su ba. Aikinsa ba ke nan ba.

Su Alhazan nan biyu ban yanke musu hukunci ba, ni ba alƙali ba ne, sulhu na yi. Mai saye ya yarda ya ɗauki kashi biyu cikin uku na hasarar, domin jinkirin motarsa ne asali, kuma ya amsa cewa da gangan ya jinkirta yana jiran labarin farashin Kumasi. Mai sayarwa ya ɗauki kashi ɗaya saboda rudun da ya bari a rufe. Na sa wani almajiri ya rubuta musu da ajami, kowa ya sa hannu, ladan da na'ibi suka shaida. A cinikinsu na gaba sun ƙara layi biyu: ranar zuwan mota, da cewa in ta wuce kwana biyu mai kaya ya shigar da buhuna inuwa, kuɗin ƴan dako a kan mai saye.

Ni kuma na ɗauki fensir na bi kofina na Risala, duk inda na ga wani aiki da ɗaya zai yi don ɗayan ya iya cikawa na sa alama a gefe, daga babin ciniki har babin shari'a. Ranar Asabar bayan Asuba, in Allah Ya kai mu, ba za mu shiga babin wasiyya ba tukuna. Za mu koma baya mu karanta wuraren nan a jere, da abin da Halil ya ƙara a kansu. Masu Samaruddani su zo da shi da fensir, masu shago kuma su jinkirta buɗewa da rabin awa.